Tsoron Ciwo Ma Ciwo Ne

A gidajenmu ba abin da kan ta da hankalin uwargida kamar ta kai wa maigida tuwo, a komo mata da kwanon yadda ta kai shi. Rana ɗaya ba kome. Kwana uku, sai ta fara sāke miya. Amma in aka yi mako biyu mutum yana tsakurar loma biyu yana wanke hannu, har wando ya soma yi masa yawa, to, magana ta bar cikin gida ke nan. Ran Lahadi a bakin ɗakin sujada duk wanda ya gaishe shi sai ya ƙara da cewa, "Kai, Malam, ka faɗa! Lafiya kuwa?" Gama a wurinmu cin abinci shi ne shaidar lafiya ta fari. In mun je gaida mara lafiya ma, tambayar da mu kan fara yi wa masu jinya ita ce, "Ya ɗan ci wani abu?"

Sau da yawa ciwon jiki ne ke hana mutum cin abinci, kamar su zazzaɓi, da shawara, da tarin fuka, da gyambon ciki. Amma akwai wani irin mutum dabam. Ya je asibiti ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. An auna jini, an auna fitsari da bayan gida, an ɗauki hoton ƙirji, likita ya ce bai ga kome ba. Ga shi kuwa abinci ya ƙi shiga, gaba sai faɗuwa, barci ya ƙaurace, shi kuma ya tabbata a ransa wani mugun ciwo na cinsa a ɓoye. A kan irin wannan mutum na ke so mu yi magana a wannan wata, domin ba unguwar da ba shi, mace ko namiji, kuma yawancinmu ba mu san yadda za mu bi da shi ba.

Sunan abin

Kowa ya kan ji tsoron ciwo, kuma daidai ne. Tsoron ne ke kai mu asibiti da wuri. Abin da mu ke magana a kai shi ne tsoron da ya zarce, ya zauna wata da watanni, likita ya duba ya ce lafiya amma bai tafi ba, har ya hana mutum aiki da walwala. Tun zamanin da likitoci su ke kiransa haifokondiriya. Kalmar ta Helenanci ce, ma'anarta ƙarƙashin haƙarƙari, gama mutanen da sun zaci daga wajen hanta da saifa abin ke tasowa. A 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta cire wannan suna daga littafinta na cututtuka, domin ya riga ya zama kamar zagi, ta sa masa sunan da za mu iya cewa fargabar ciwo. A ƙa'idarsu sai abin ya kai wata 6 kafin a ba shi wannan suna.

Wasu su kan ce ai wannan ciwon Turawa ne da masu kuɗi, talaka ina ya ga lokacinsa. Ba haka ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi bincike a ƙananan asibitocin ƙasashe 14, har da na Ibadan, kuma Farfesa Oye Gureje na Ibadan da abokan aikinsa su ka buga sakamakon a 1997. Abin da su ka gani shi ne, masu zuwa asibiti da ciwace-ciwacen jiki waɗanda gwaji bai nuna dalilinsu ba, suna nan a ƙasashen masu arziki da na matalauta duka.

Abin da ciki ke yi in mutum ya tsorata

Tambayar da ta fi damun mai wannan hali ita ce, "In da gaske ba ni da ciwo, me ya hana ni cin abinci?" Tambaya ce mai kyau, kuma tana da amsa.

A 1822, a wani tsibiri mai suna Makinak a arewacin Amurka, bindiga ta tashi bisa kuskure ta sami wani saurayi, Alexis St. Martin, a ciki. Likitan soja William Beaumont ya yi jinyarsa har ya warke, amma raunin ya bar wata kafa wadda ta ratsa har cikin tumbinsa. Ta wannan kafa Beaumont ya riƙa ɗaure 'yar tsokar nama a zare yana zurawa, bayan wani lokaci ya jawo ya ga yadda ta narke. Shekara da shekaru yana wannan, har ya buga littafi a 1833. Cikin abubuwan da ya gani da idonsa akwai wannan: duk sa'ad da saurayin ya husata ko ya tsorata, sai fatar cikin tumbin ta sāke kama, ruwan da ke narkar da abinci ya ragu, abinci ya daɗe bai narke ba. Saurayin kuwa ya rayu har 1880 da kafarsa a ciki.

Wajen 1897 kuma wani ɗalibin likita a jami'ar Habad, Walter Cannon, ya riƙa gauraya wani gari a abincin kyanwa domin ya ga motsin tumbinta da na'urar hoton ƙashi, wadda a lokacin sabuwa ce. In kyanwa tana kwance hankalinta kwance, tumbin na ta murɗawa yana tura abinci gaba. Da zarar ta firgita ko ta husata, sai motsin ya tsaya cik. In aka lallashe ta ta natsu, sai ya ci gaba. Wannan Cannon shi ne ya rubuta littafi a 1915 ya bayyana yadda jiki ke shirin faɗa ko gudu in ya ga hatsari.

Ga yadda abin ya ke. A ce kana nome a gona, ka ɗaga fartanya sai ga kububuwa dab da ƙafarka. Kafin ka yi tunanin kome ƙwaƙwalwa ta riga ta aika saƙo ta jijiyoyi. Akwai wasu 'yan tsokoki biyu a bisa ƙoda, su ne ke zuba wani sinadari mai suna adiranalin cikin jini. Nan take zuciya ta ƙara sauri, numfashi ya hau, gumi ya karyo, yawu ya ƙafe, jini ya ragu a tumbi da hanji ya tafi ga tsokar hannu da ƙafa, domin su ne za su cece ka. Yunwa kuwa ta ɓace ɗungum. Wanda mahaukacin kare ya biyo ba ya tuna furar da ya bari a gida. Duk wannan don amfaninka aka shirya shi, kuma in macijin ya wuce, cikin ɗan lokaci jiki ya kan koma daidai.

Inda matsalar ta ke, jiki ba ya rarrabe tsakanin macijin da ke gona da wanda ke cikin tunani. Mutumin da ya kwana yana cewa a ransa, "Wannan ciwon daji ne, wa zai riƙe mini 'ya'yana?" jikinsa na yin abin nan da ya kan yi a gaban kububuwa, sai dai wannan kububuwa ba ta wucewa. Da ita ya ke kwana, da ita ya ke tashi. Saboda haka in aka ajiye masa abinci bakinsa a bushe ya ke, tumbinsa bai shirya karɓa ba, loma uku ya ji ya ƙoshi, ko warin miya ma ya ta da masa zuciya. Ba ƙarya ya ke yi ba, ba kuwa neman a ji tausayinsa ya ke yi ba. Wasu kuma akasin haka ke samunsu in damuwa ta daɗe, su yi ta ci ba ƙoshi, musamman kayan zaƙi da na maiƙo.

Ba ciki kaɗai ba ne. Wani ya kan ji wani abu ya tokare masa maƙogwaro kamar ƙwallon goruba, ya haɗiye ya ƙi wucewa, alhali ruwa da abinci na wucewa lafiya. Wani tsokar ƙirjinsa ce ke ɗaurewa har ya ji suka, ya ce zuciyarsa ce za ta tsaya. Wani ciwon kai ne kamar an naɗa masa rawani an tamke. Akwai zawo, da kumburin ciki, da ƙwannafi, da yawan fitsari, da rawar hannu, da kasala. Akwai kuma jiri da minjirya a yatsu da gefen baki, waɗanda su kan sa mutum ya zaci shanyewar jiki ce ta zo. Dalilinsu shi ne, mai tsoro ya kan yi ta numfashi sama-sama da sauri bai sani ba, har ya fitar da iskar nan mai suna kabon-dayoksaid fiye da kima, jijiyoyin jini na kai su ɗan tsuke. In numfashi ya daidaita sai abin ya wuce.

Akwai wanda mu malaman makaranta mu ka fi sani. Ana dab da jarrabawa sai yaro ya zo ya ce kansa na zafi kamar an ɗora garwashi, ko wani abu na yawo cikin kansa kamar tsutsa, in ya buɗe littafi idonsa ya dushe, ya karanta bai riƙe kome ba. A 1960 wani likita ɗan Kanada, Raymond Prince, wanda ya yi aiki a asibitin Aro a Abekuta, ya rubuta labarin wannan a cikin ɗaliban Nijeriya, da sunan da su ɗaliban su ka ba shi, watau gajiyar ƙwaƙwalwa. Shi wannan tsoron jarrabawa ne tushensa, amma in ba a yi wa yaro bayani ba, nan da nan ya kan juye ya zama tsoron ciwo, ko kuwa iyaye su ce jifa aka yi masa don a hana shi karatu.

Yadda abin ke ciyar da kansa

Ya mai karatu, gwada wannan. Ka tsaya minti ɗaya ka lura da haɗiyar yawunka, ka haɗiye sau biyar a jere. Za ka ji maƙogwaro ya soma yi maka wani iri, alhali ɗazu ba ka ma san kana da shi ba. Jikin mai lafiya ba ya yin shiru. Kullum ciki na ƙugi, tsoka na motsi, wani wuri ya ɗan soka ya bari, zuciya ta yi tsalle ɗaya ta ci gaba. Yawancinmu ba mu ji, domin hankalinmu na wajen aiki. Mai fargabar ciwo kuwa ya zama mai gadin jikinsa dare da rana, kuma mai gadin da ya kasa kunne ba ya rasa jin motsi.

Daga nan sai dube-dube. Ya kama hannu yana ƙirga bugun jini, ya ga ya haura 100 a minti, bai san tsoron ƙirgawar ne ya haurar da shi ba. Ya duba harshe a madubi, ya gwale ido ya ga ko ya yi rawaya. Ya lalubo 'yar kaluluwa a wuya, irin wadda kowa ke da ita, ya yi ta matsa ta safe da yamma har ta kumbura ta yi ciwo, sa'an nan ya ce, "Ga shi, tana girma." In ya sayi na'urar awon hawan jini, to, ya sami sana'a.

Rashin cin abincin shi ma ya kan haifi nasa 'ya'ya. Cikin da ba kome ya kan yi zafi. Wanda bai ci ba tun safe zai ji jiri in ya miƙe, gwiwoyinsa su yi sanyi, bayan gida ya ƙi zuwa. In ya jima a haka dole ya rame. Ramar nan kuwa ita ce babbar hujjarsa. Tun da aka ba da labarin ƙanjamau a Nijeriya a 1986, rama ta zama abin tuhuma a cikinmu, har sunan ciwon ma daga ƙanjamewa ya fito. Don haka kowace "Ka faɗa!" da aka ce masa a hanya ya kan tafi da ita gida, ranar kuwa ko kunu ba zai iya sha ba. Ina ganin ya kamata mu rage wannan irin gaisuwa. Mai faɗarta kulawa ya ke nufi, amma ban taɓa ganin wanda ta ƙara wa ƙiba ba.

Yawanci abin ya kan soma ne bayan wani rashi. Aboki tsaran mutum ya yanke jiki ya faɗi, ko an yi jinyar uwa wata shida a gabansa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Wani kuma wayar hannu ce ke hura masa wutar. Ya rubuta "rashin son abinci" a intanet da tsakar dare, a jera masa cututtuka ashirin, idonsa kuwa kan mafi muni zai sauka. Mun ga ƙarfin irin wannan tsoro a watan Agusta na 2014, lokacin cutar Ebola. Cikin dare saƙo ya zaga wayoyi wai a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Mutane 20 ne cutar ta kama a Nijeriya duka, a Legas da Fatakwal, ba ta ko iso Arewa ba, amma aƙalla mutum biyu ruwan gishirin ya kashe, wasu da dama kuma sai da aka kwantar da su a asibiti.

Yawon neman magani

A nan ne kuɗin gida ke ƙarewa. Mutum ya je ɗakin gwaji da kansa ba likita ya aike shi ba, a ɗebi jini, a miƙo masa takarda: malariya da taifod. Gwajin taifod da aka fi yi a wurarenmu, mai suna Widal, wani likitan Faransa ne ya fito da shi tun 1896, kuma likitoci sun san yinsa sau ɗaya bai isa ya tabbatar da ciwon ba. A ƙasar da mutane da yawa sun taɓa haɗuwa da ƙwayar cutar, ya kan nuna akwai ko ga mai lafiya garau. Sai a rubuta wa mutumin da ko zazzaɓi ba ya yi ƙwayoyi masu ƙarfi na kwana goma. Su kuwa ƙwayoyin nan su kan ɓata baki, su ta da zuciya, su kawo zawo. Wata mai zuwa ya koma, a ce taifod ɗin bai fita ba. Daga nan sai kemis, a haɗa masa maganin ƙarin jini da na buɗe ciki, wani lokaci har da ƙwayoyin ƙiba irin waɗanda a ke kira sha-ka-fashe, masu kumbura fuska, masu iya jawo hawan jini da ciwon suga. Daga kemis sai mai saiwa. Buhun masara ya tafi, akuya ta tafi, kuɗin makarantar yara ya tafi.

Me ya sa maganar likita ba ta kwantar masa da hankali? Tana kwantarwa, amma na ɗan lokaci. A Ingila an bi mutum 60 waɗanda aka zura wa na'ura ta baki aka duba tumbinsu, aka ce musu ba wani mugun ciwo. An buga sakamakon a 1997. Hankalinsu ya kwanta nan take. Amma waɗanda dama su ke da yawan fargabar ciwo, kafin kwana ɗaya ya cika damuwarsu ta komo, bayan shekara guda kuma tana nan. Tabbatarwa a wurinsu kamar susar ƙaiƙayi ce, da daɗi lokacin da a ke yi, an jima kuma ƙaiƙayin ya ƙaru. "Ko likitan bai duba da kyau ba? Ko na'urar ta tsufa? Ko ɓoye mini su ke yi?"

Akwai kuma masu yin akasin haka. Tsoron abin da za a faɗa musu ya kan hana su ko bi ta ƙofar asibiti, ba su zuwa gaida mara lafiya, in ana shirin lafiya a rediyo su kashe. Ciwon ɗaya ne.

Kada a yi gaggawar cewa tsoro ne

Ba uwargida ba, ba fasto ba, ba kuwa malamin makaranta irina ba ne zai yanke cewa damuwa ce kawai. Likita ne, bayan ya saurara ya duba. Mai fargabar ciwo shi ma ɗan Adam ne, yana iya kamuwa da ciwo na sosai kamar kowa. In rashin cin abinci ya zo tare da zazzaɓi mai daɗewa, ko tarin da ya wuce mako 2, ko jiƙewa da gumi cikin dare, ko jini a amai ko a bayan gida, ko bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta, ko idanu su yi rawaya, ko abinci ya riƙa maƙalewa da gaske in an haɗiye, ko ƙishirwa da fitsari su yi yawa ƙwarai, ko ƙullutu a mama, kada a tsaya shawara, a tafi asibiti. Haka kuma ciwon ƙirjin da ke zuwa in mutum ya hau tudu ko ya ɗauki kaya. Ramar da ta kai kashi 5 cikin 100 na nauyin mutum cikin wata 6 zuwa shekara, misali mai kilo 60 ya zubar da kilo 3 ba da niyya ba, ita ma a kai wa likita, balle ga wanda ya manyanta. Ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo mai sa jiki zafi su kan kawo faɗuwar gaba da rawar hannu kamar na tsoro, gwajin jini kuma na iya rarrabewa.

Kada kuma a ce tun da tsoro ne, ba kome ba ne. A ƙasar Suwidin an bi mutum 4,129 waɗanda likitoci su ka tabbatar suna da wannan hali, aka gwada su da tsararsu marasa shi. Sakamakon da aka buga a ƙarshen 2023 ya nuna masu halin sun fi mutuwa da wuri, da wajen shekara 5 a matsakaici, kuma hatsarin su kashe kansu ya ninka na sauran sau huɗu. Saboda haka in mutum ya daina jin daɗin kome, ya riƙa keɓe kansa, ya fara cewa gara ya mutu ya huta, ko ya soma rabon kayansa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi wurin likita a ranar.

Akwai magani

Abu na fari, a tsaya ga likita ɗaya da kati ɗaya. Mai yawon asibitoci kowane wuri daga farko a ke soma masa, ba wanda ya san labarinsa duka. A gaya wa likita gaskiya, har da tsoron, da rashin barcin, da wanda ya mutu. Ya fi kyau a sa ranar komawa, misali sau ɗaya a wata, da a riƙa rugawa duk sa'ad da gaba ya faɗi.

Maganin da aka fi tabbatar da amfaninsa na zama ne da tattaunawa, inda gwani zai koya wa mutum ya gane yadda tunaninsa ke ta da jikinsa, ya kuma rage dube-dube da neman tabbaci kaɗan-kaɗan. A asibitoci biyar na Ingila an gwada wannan a kan mutum 444, aka buga sakamakon a 2014. Zama 5 zuwa 10 aka tsara wa waɗanda aka zaɓa a yi wa maganin, wasu daga masu koyarwar kuwa nas-nas ne da aka yi wa ɗan horo. Waɗanda aka yi wa sun fi sauran samun sauƙi, bayan shekara 5 kuma sauƙin na nan. Akwai kuma ƙwayoyin da likita kan rubuta, irin su fuluwoksetin. Su kan ɗauki makonni kafin su soma aiki, a kwanakin farko ma su kan ɗan ta da zuciya, don haka kada a watsar da su a mako na fari. Ƙwayoyin barci irin su Valium kuwa kada a saya a kemis, gama jiki ya kan saba da su har ya kasa rabuwa. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri, asibitocin koyarwa irin na Jos da Zariya da Kano kuma suna da sashen. Zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace.

Mu 'yan'uwa a ekklisiya ma da namu gyaran. Wasu su kan ce wa mai wannan hali, "Rashin bangaskiya ne ke damunka." Wannan ƙarin kaya ne aka ɗora masa, ga tsoron ciwo ga kuma jin ya yi zunubi. Wasu su sa wa wanda ya yi mako uku bai ci kirki ba azumin kwana bakwai. Mafi muni, wasu su nuna masa wata tsohuwa a dangi su ce ita ta kama shi, a bar gida biyu da gaba har jikoki. A yi addu'a tare da shi, ƙwarai kuwa, sa'an nan wanda ya yi addu'ar ya raka shi asibiti ran da aka sa masa.

A cikin gida, in ya tambaye ki sau goma a yini, "Duba idona, bai yi rawaya ba?" kada ki yi masa tsawa, kada kuma ki duba sau goma. Ku yi shawara tun hankali na kwance cewa za ki amsa sau ɗaya, in ya sāke sai ki ce, "Maigida, mun riga mun yi wannan magana, tsoron ne ya taso. Zo mu zaga bayan gida mu duba awaki." Da fari zai ji haushi. In faɗuwar gaba ta taso masa, ya zauna ya ja numfashi ta hanci a hankali yana ƙirga huɗu, ya sake shi a hankali yana ƙirga shida, har minti biyar. Ya rage goro, da kofi, da shayi mai kauri, da lemon gwangwani masu sa kuzari, domin dukansu suna da sinadarin da ke ƙara bugun zuciya da hana barci. Kada ya kwanta a ɗaki yana jiran sai ya warke kafin ya koma gona ko wurin aiki. Aikin ƙarfi da tafiyar ƙasa suna cikin maganin.

Batun abinci kuwa, kada a jira yunwa, gama ba za ta zo da wuri ba. A ci bisa ga agogo, kaɗan-kaɗan, sau biyar ko shida a yini. A fara da abin da ke wucewa da sauƙi, kamar kunun gyaɗa, da koko da ƙosai, da fura da nono, da faten doya ko na acca, da ayaba, da dafaffen ƙwai. A zuba masa a ƙaramin kwano, domin malmala uku a babban akushi tsoro su ke ba wanda cikinsa ya tsuke. Ya ci tare da mutane ana hira, kada a tsaya masa a ka ana ƙirga loma, kada kuma dukan gida su yi tsit suna kallon bakinsa. In ya ci rabi, a ɗauke kwanon ba tare da magana ba, bayan awa uku a sāke kawo wani abu. Sikeli kuwa a bar shi a asibiti, ya hau sau ɗaya a wata ran da ya je ganin likita.